Yadda Ake Zaɓen Akwatin Kwamfuta Mai Sanyi Kuma Marar Ƙara a Ƙasar Zafi da Ƙura

Duk wanda ya taɓa riƙe wayar salula a Goronyo ko Wurno da tsakar ranar Afrilu ya san abin da zafi ke yi wa na'ura. Bayan wayar ya ɗau zafi, hasken fuskarta ya ragu da kansa, caji ya tsaya, bidiyon da ake haɗawa ya riƙa sarƙewa. Wayar ce ke kare kanta, tana rage gudun aikinta don kada kayan cikinta su ƙone. Kamfanin Apple ya bayyana cewa an ƙera iPhone ne don ta yi aiki a wurin da zafinsa bai wuce digiri 35 a ma'aunin Salshiyas ba, alhali a gabashin Sakkwato zafin rana a watannin Maris, Afrilu da Mayu yakan haura digiri 40.

Wannan matsalar ita ce ke jiran matashin da ya tara ɗan jari yana son tashi daga waya ya koma kwamfutar tebur. Wani zai buɗe shagon buga takardu da cike fom a intanet, wani haɗa bidiyon biki, wani naɗar karatu da wa'azi, wani kuma koya wa ɗalibai amfani da kwamfuta, tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta daga 2015. Mafi yawansu sukan tambayi ƙarfin furosesa da girman ma'adana, amma akwatin da za a zuba kayan a ciki sai a ɗauki mafi araha ko mafi ƙyalli. A Rabah, Wurno da Goronyo wannan zaɓin na iya zama sanadin kwamfutar da ke mutuwa da azahar lokacin da kwastoma suka yi layi, da yinin da za a ɓata ana kai ta gyara birnin Sakkwato.

Mene ne akwatin kwamfuta?

Jama'a da yawa suna kiran akwatin gaba ɗaya da suna CPU. A gaskiya CPU ita ce furosesa, wata 'yar ƙaramar na'ura da ba ta kai tafin hannu ba, wadda ke zaune a kan babban allo, wato abin da masu gyara ke kira madabod. Shi kuwa akwatin, da 'yan kasuwa ke kira kesin, gida ne na ƙarfe da ke riƙe babban allo, da fawa-fak mai raba wuta, da ma'adanar bayanai, da katin hoto idan akwai, da fankoki. Aikinsa uku ne: ya riƙe kayan, ya bai wa iska hanyar shiga da fita, ya kuma tare ƙura da ƙwari.

Akwatuna suna bin girman babban allo. Tsarin ATX, wanda Intel ya fitar a 1995, allonsa milimita 305 ne a tsawo da 244 a faɗi. Na tsakiya shi ne microATX, milimita 244 kowane gefe. Ƙaramin shi ne Mini-ITX, wanda kamfanin VIA ya kawo a 2001, milimita 170 kowane gefe. Babban akwati yana karɓar ƙaramin allo, amma ƙaramin akwati ba ya karɓar babba. A ƙasar zafi, akwatin ATX matsakaici mai tsayuwa shi ya fi dacewa ko da allon microATX ne, domin yana da wurin manyan fankoki, kuma hannu yana shiga cikinsa a sauƙaƙe ranar shara.

Daga ina zafin ke fitowa?

Kusan duk wutar lantarkin da kwamfuta ta sha zafi take komawa. Furosesar waya wat kaɗan take ci, shi ya sa jikin wayar kaɗai ke isa ya fitar da zafinta ba tare da fanka ba. Furosesar kwamfutar tebur ta yau da kullum tana kaiwa wat 65, manyan kuma wat 125 zuwa sama. Katin hoto irin RTX 4060 na Nvidia yana cin wat 115, babbansa RTX 4090 kuwa wat 450. Ke nan kwamfutar haɗa bidiyo mai cin wat 300 tamkar ƙaramin risho ne da aka kunna a cikin akwati.

Kowace na'ura tana da iyakarta. Yawancin furosesoshin Intel na tebur suna fara rage gudu da kansu idan suka kai wajen digiri 100, su kuma Ryzen 7000 na AMD a digiri 95. Ma'adana mai faifai, wato HDD, yawanci iyakarta wajen digiri 60 ne, ta SSD kuma wajen 70. Zafin da bai kai wannan iyaka ba shi ma yana cin rayuwar kayan a hankali, musamman ƙananan kafasito da ke cikin fawa-fak da kan babban allo.

Abin da ya kamata mai saye ya riƙe shi ne, fanka ba ta ƙirƙirar sanyi. Iskar ɗaki take ɗauka ta bi da ita ta kan ƙarfen da ke zuƙe zafin furosesa. Saboda haka zafin furosesa shi ne zafin ɗaki da ƙarin abin da aiki ya haifar. Masu gwajin akwatuna da ake kallo a YouTube galibi suna yin gwajinsu a ɗaki mai digiri 21 zuwa 23. Idan furosesa ta nuna digiri 70 a ɗakinsu mai digiri 22, tazarar 48 ce. A shago mai rufin kwano da zafinsa ya kai 42, wannan furosesar a wannan akwatin za ta nuna wajen digiri 90. Akwatin da aka yaba a Turai da cewa yana da ɗan zafi amma ba laifi, a Goronyo yana iya zama wanda ke kashe aiki. Duk alƙaluman da aka gani a irin waɗannan gwaje-gwaje, a ƙara musu digiri 15 zuwa 20 kafin a yanke shawara.

Lissafin iska da lissafin ƙara

Akwai ɗan lissafi mai sauƙi da ke nuna yawan iskar da ake buƙata. Don a fitar da zafin wat 300 ba tare da iskar da ke fita ta fi wadda ke shiga da sama da digiri 10 ba, sai kimanin kubik mita 90 na iska ya ratsa akwatin a kowace awa. Fanka mai faɗin milimita 120 irin Arctic P12, idan tana gudunta na ƙarshe, wato juyi 1,800 a minti, tana tura wajen kubik mita 95 a awa, shi ma idan babu abin da ya tare ta. Da zarar an sa mata raga da matatar ƙura a gaba, adadin zai ragu. Ke nan fanka ɗaya sai ta yini tana ihu, kuma da ƙyar ta isa.

Ana auna ƙara da desibel. Raɗa wajen desibel 30 ce, hira ta yau da kullum wajen 60. Ƙarin desibel 10 kunne yana jin sa kamar an ninka ƙarar sau biyu. Idan aka rage gudun fanka zuwa rabi, iskar da take turawa tana komawa rabi, amma ƙararta tana sauka da kimanin desibel 15. Idan kuma aka ƙara fanka ta biyu irinta, ƙarar tana hawa da desibel 3 kacal. A haɗa biyun: fankoki biyu masu rabin gudu suna tura iska daidai da fanka ɗaya mai cikakken gudu, amma ƙararsu ta yi ƙasa da kimanin desibel 12, wato kunne zai ji ƙasa da rabin ƙarar farko.

Wannan shi ne sirrin akwati marar hayaniya: manyan fankoki da yawa masu juyawa a hankali. Fanka mai milimita 140 tana tura iskar da mai 120 ke turawa da ƙarancin juyi. Ita kuwa 'yar ƙaramar nan mai milimita 80 da ake gani a bayan akwatunan araha, ita ce ke yin kukan sauro. A nemi akwatin da ke da gurbin fankoki biyu ko uku masu 120 ko 140 a gaba, da gurbin ɗaya mai 120 a baya. A lura cewa masu shigar da iska da masu fitar da ita ba a haɗa lissafinsu, domin iska ɗaya ce ke shiga ta fita.

Fuskar akwati: raga, gilashi ko soso?

Fuskar gaban akwati iri uku ce a kasuwa. Akwai mai raga, wato ƙarfe mai ƙananan huji da iska ke ratsawa kai-tsaye. Akwai mai gilashi ko roba a rufe, da fitilu masu launi a bayansa, iska na shiga ta 'yan tsagogi a gefe. Akwai kuma wanda aka liƙa wa soso mai kauri a ciki don ya shanye ƙara.

Manyan kamfanoni sukan fitar da akwati ɗaya da fuskoki daban-daban. Corsair ya fitar da 4000D a 2020 da rufaffiyar fuska, da 4000D Airflow mai raga, da 4000X mai gilashi. Fractal Design yana da jerin Define masu soso da jerin Meshify masu raga. Ba lallai a samu waɗannan a kusa ba, kuma farashinsu yana bin dala, amma darasin da ke cikinsu ya shafi kowane akwati, har marar suna.

A ƙasa mai sanyi, akwati mai soso yana yin shiru domin fankoki ba sa buƙatar gudu. A ɗaki mai digiri 40 abin yana juyewa. Rufaffiyar fuska tana hana iska shiga, zafi ya taru, babban allo ya umarci fankoki su ƙara gudu, sai ƙarar ta fi ta akwati mai raga. Don haka a gabashin Sakkwato mai raga ne zaɓin farko, ga mai neman sanyi da mai neman shiru duka. Gilashin gefe ba ya tare hanyar iska, amma yana ƙara nauyi, kuma yana iya tarwatsewa idan an ɗauro akwatin a bayan babur ko a but ɗin mota kan hanya mai gargada. Fitilu kuwa ado ne kawai, ba sa rage zafi ko digiri ɗaya.

A duba kaurin ƙarfen. Akwatin da gefensa ke lanƙwashewa idan aka danna da yatsa, ƙarfensa bai wuce rabin milimita ba, kuma zai riƙa karkarwa yana amsa kuwar fankoki kamar gwangwani. Wanda ya kai milimita 0.7 ko 0.8 ya fi nauyi, ya fi shiru. Ƙafafun roba da zoben roba a mazaunin HDD su ma suna rage jijjiga. Wanda ya samu hali ya sa SSD a maimakon HDD ya rabu da wannan ƙarar ɗungurungum, domin babu abin da ke juyawa a cikinta.

Ƙurar hunturu

Raga tana shigar da iska, tana kuma shigar da ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana ɗauko ƙura mai laushi kamar gari daga Sahara, ga kuma ta hanya da ta kasuwa, da ƙaiƙayin shinkafa a wuraren da ake casa irin Wurno. Ƙurar tana toshe tsakanin siraran fikafikan ƙarfen da ke zuƙe zafi, ta zama kamar bargo. Idan damina ta sauka, garuruwan da ke bakin fadamar Rima, daga madatsar ruwan Goronyo zuwa Wurno, iskarsu tana ɗaukar laima. Ƙurar da ta kwanta a kan allo ta sha laima tana kawo tsatsa, wani lokaci har ta haɗa wuta.

Maganin farko shi ne matatar ƙura a duk inda iska ke shiga: gaba, da ƙasa wajen fawa-fak, da sama idan a buɗe yake. A tabbata matatar tana zaruwa ba sai an kwance kusoshi ba, domin wadda ke da wahalar cirewa ba za a riƙa wanke ta ba. Akwai matatu masu maganaɗisu da ake saye daban a manna wa akwatin da bai zo da su ba.

Magani na biyu shi ne a sa iskar da ke shiga ta fi wadda ake fitarwa yawa. Idan fankoki biyu ko uku suna turowa ta gaba, ɗaya kawai ke fitarwa ta baya, rarar iskar za ta riƙa fita ta kowace kafa da tsaga. Ƙura ba ta samun hanyar kutsowa sai ta matata. Idan kuwa masu fitarwa suka fi yawa, akwatin zai riƙa zuƙo iska ta kafofin da ba su da matata, har ta ramukan USB. Yawancin akwatunan araha fanka ɗaya suke zuwa da ita a baya, wanda shi ne tsari mafi muni ga ƙasar ƙura.

Gane alƙiblar fanka ba wuya. Gefen da ke da sanduna masu riƙe injin, inda waya ke fitowa, nan iska ke fita. Wanda ya yi shakka ya kusanto da 'yar takarda mai laushi ya ga ko za a ja ta ko a ture ta.

A lokacin hunturu a duba matata kowane mako, a kakkaɓe ko a wanke, a bari ta bushe sarai kafin a mayar. Cikin akwatin kuma a hure shi da bulowa duk bayan wata biyu ko uku, bayan an kashe an zare waya daga soket. A riƙe fikafikan fanka da yatsa yayin hurawa, domin juyawar da ta wuce ƙima tana lalata ta. Duk gurbin kati da ke buɗe a bayan akwati a rufe shi da marfinsa, saboda tsaka da kyankyaso da ɓera suna son ɗumin ciki.

Ba kowace fanka ce fanka ba

A ƙirga bakin wayar fankar. Mai baki huɗu, da ake kira PWM, babban allo yana iya sarrafa gudunta daidai da zafin furosesa: ta yi shiru lokacin buga takarda, ta ƙara gudu lokacin haɗa bidiyo. Mai baki uku ita ma ana iya rage mata gudu a yawancin alluna ta hanyar rage ƙarfin wuta. Wadda ake jonawa kai-tsaye da fawa-fak ta babban soket mai suna Molex kuwa gudu ɗaya ta sani daga safe har dare. Akwatuna masu fitilu da yawa na araha irin wannan suke ɗauke da ita.

Sai kuma abin da sandar fankar ke juyawa a kai. Mafi araha shi ne na hannun riga mai ɗan mai a ciki, wanda zafi ke saurin busar da shi, fankar ta fara gurnani. Mai ƙwallayen ƙarfe, wato boris, ya fi jure zafi ko da yake yana da 'yar ƙara. Wanda ake rubuta wa FDB yana yawo ne a kan rufaffen mai, shi ya fi haɗa shiru da daɗewa.

Kafin biyan kuɗi a auna abu biyu. Na farko tsayin ƙarfen sanyaya furosesa: dogayen nan masu kama da hasumiya suna kaiwa milimita 150 zuwa 165, siririn akwati ba zai rufu a kansu ba. Na biyu tsawon katin hoto, domin wasu sun haura milimita 300. Ana rubuta iyakar duka biyun a kwali ko a shafin kamfanin.

Game da na'urar sanyaya furosesa da ruwa, ita ma ba ta iya sauke zafi ƙasa da na ɗaki, domin a ƙarshe iskar ɗakin ce ke sanyaya ruwan. Tana da famfo da ke iya mutuwa, ruwanta yana raguwa da shekaru. Ga wanda ke nesa da masu gyara, babban ƙarfe da fanka ya fi kwanciyar hankali: abin da zai lalace a jikinsa fanka ce kaɗai, ita kuwa ana canzawa cikin minti biyar.

Fawa-fak: inda araha ba ta ado

Akwatunan araha sukan zo da fawa-fak a ciki, an rubuta masa wat 500 ko 600 amma ba shi da nauyi a hannu. Irinsa yana ɓarnar wuta, yana da ƙaramar fanka mai ƙara, kuma idan ya mutu yakan tafi da babban allo. Gara a sayi akwati fanko a nemi fawa-fak daban.

Tun 2004 akwai tambarin 80 Plus da ke nuna cewa fawa-fak yana miƙa aƙalla kashi 80 cikin 100 na wutar da ya ja. Idan kwamfuta na buƙatar wat 300, mai kashi 80 zai ja wat 375 daga bango, wat 75 su tashi a zafi. Mai matakin Gold, wanda ke kaiwa wajen kashi 90 a rabin lodi, zai ja wat 333, ɓarnarsa wat 33. Ga shagon da ke jiran wutar Kaduna Electric, kamfanin da ke raba wuta a jihohin Kaduna, Kebbi, Sakkwato da Zamfara, sauran lokaci kuma yana kan sola ko janareta, wannan bambancin na wat 42 yana fitowa a batir da kuɗin mai. Akwai masu buga tambarin na jabu, don haka a duba sunan kamfanin da nauyin kayan.

Akwatunan zamani suna ajiye fawa-fak a ƙasa, fankarsa na kallon ƙasa tana jan iskarta daga waje. Wannan ya fi tsohon tsari da ke ɗora shi a sama yana shaƙar zafin furosesa. Sharaɗin shi ne akwatin ya kasance da dogayen ƙafafu, kuma kada a ajiye shi a kan darduma ko turɓaya.

Idan kwamfutar ta hannu ce

Da yawa daga cikin kwamfutocin da ke isowa yankin na hannu ne, irin su Dell OptiPlex, HP ProDesk da Lenovo ThinkCentre da ofisoshin Turai da Amurka suka sallama, ana sauke su a Computer Village da ke Ikeja su biyo ta Kano ko Sakkwato. Suna da inganci da ƙarancin cin wuta, amma yawancinsu allonsu da fawa-fak ɗinsu na musamman ne, ba sa zama a akwatin ATX na kasuwa ba tare da wahala ba. Ke nan akwatin da suka zo da shi, da shi za a zauna.

Saboda haka tun wajen saye a fifita mai tsayuwa a kan siririn nan da ake kwantarwa, domin siririn fankarsa ƙarama ce kuma cikinsa a cunkushe yake. A sa mai gyara ya share shi, ya goge busasshen man da ke tsakanin furosesa da ƙarfenta ya shafa sabo. A kuma leƙa bayan fawa-fak: wasu tsofaffi suna da ɗan jan makunni mai lamba 115 da 230. Wutar Najeriya bolt 230 ce. Idan makunnin yana kan 115 aka jona, fawa-fak ɗin zai ƙone nan take.

Mazaunin akwati

Akwati mai kyau a mummunan wuri bai tsira ba. A ɗaga shi daga ƙasa, a kan tebur ko benci, domin ƙura ta fi yawa a dab da daɓe. A bar aƙalla tazarar taƙi ɗaya tsakanin bayansa da bango. Kada a cusa shi cikin rufaffiyar durowar tebur, inda zai riƙa shaƙar iskar da ya fitar. A nisanta shi da taga mai rana da ƙofar da ke kallon titi, da inbata da batura, waɗanda su ma zafi suke fitarwa. Ɗaki mai silin ko ginin ƙasa mai kaurin bango ya fi shagon kwano zalla sanyi, kuma duk digiri ɗaya da ɗaki ya ragu, furosesa ma ta ragu da kusan haka. Rufe akwati da ƙyalle yana da amfani bayan an kashe ya huce. Rufe shi yana aiki kuwa shaƙe shi ne.

Wasu sukan cire murfin gefe su juyo da fankar tsaye a kai. Zafi yana sauka, amma ƙura da ƙwari sun samu ƙofa. Wannan dabarar ta fi amfani a matsayin gwaji. A sauke manhajar HWMonitor ko HWiNFO, waɗanda kyauta ne, a ba kwamfutar aiki mai nauyi na minti 15, a rubuta zafin furosesa. Sannan a cire murfin a maimaita. Idan bambancin digiri 2 ko 3 ne, iskar akwatin lafiya take. Idan ya kai 8 ko 10, akwatin yana shaƙe kayan, ana buƙatar ƙarin fanka a gaba ko wanke matata. A yi gwajin da azahar, lokacin da zafi ya fi tsanani. Wayar hannu ma tana da rana a nan: manhajojin auna ƙara ba su kai na'urar ƙwararru daidaito ba, amma suna isa a kwatanta kafin gyara da bayansa, muddin an ajiye wayar a wuri ɗaya.

Kowa da irin nasa

Mai shagon buga takardu da cike fom a Wurno ko Achida, kwamfutarsa ba ta cika haura wat 100 ba. Akwati mai tsayuwa na hannu, ko sabo mai raga da fanka biyu a gaba da ɗaya a baya, ya ishe shi. Babban abokin gabarsa ƙura ce, don haka kuɗinsa ya tafi kan matata da UPS.

Mai naɗar murya a Rabah, wanda makirufo ɗinsa ke ɗaukar kowane motsi, ya nemi fankoki masu milimita 140 da baki huɗu, da SSD, ya shiga BIOS ya saita su kan gudu kaɗan har sai zafi ya kai wajen digiri 65. Ya kuma nisanta akwatin da makirufo, domin a fili duk ninka tazara yana rage ƙara da kusan desibel 6.

Mai haɗa bidiyo a Goronyo da ke da katin hoto kuma yana kan sola shi ne ya fi kowa buƙatar akwatin ATX mai cikakkiyar raga, fanka uku a gaba, dogon ƙarfen sanyaya furosesa, da fawa-fak mai tambarin 80 Plus na gaske. Aikin fitar da dogon bidiyo ya bar shi zuwa dare ko sassafe idan batir zai ɗauka.

Wanda zai yi oda daga Sakkwato ko Kano ba tare da ya je ba, ya nemi mai shago ya turo masa hotuna ta WhatsApp: fuskar akwatin bayan an cire murfinta, cikinsa, ƙasansa, da bakin wayar fankokin. Ya tambayi fanka nawa ke ciki da girmansu, ko matata tana zaruwa, da iyakar tsayin ƙarfen furosesa da tsawon kati. Akwati shi ne kayan da ya fi komai daɗewa a jikin kwamfuta. Za a canza allo da furosesa sau biyu ko uku yana nan, tun da tsarin ATX ya haura shekara 25 ana amfani da shi. Ɗan ƙarin da aka biya a kansa ranar saye ya fi sauƙi a kan kuɗin sabon allo a tsakiyar bazara.